Jirgin ƙasan Makka da Madina: a biya wa tsoho tikiti, ko a bar shi cikin mota da 'yan ayarinsa?



Duk lokacin da azumi ya matso, masu niyyar Umra suka fara haɗa takardu, akwai tambayar da ke yawan shigo mana a waya da saƙon murya. Galibi 'ya'ya ne da ke waje, waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗi don su kai iyayensu ƙasa mai tsarki. Sai ka ji an ce: "Ajans ta ce in na ƙara kuɗi za a sa Baba a jirgin ƙasa daga Madina zuwa Makka maimakon mota. In biya ko in bari?" Wani kuma manomin albasa ne a kwarin Tarka ko a Magiya, ya sayar da amfaninsa ya biya kujera, an kawo masa zancen ƙari, yana ta lissafin buhu nawa zai sake fitarwa daga rumbu.

Tambayar tana da wuyar amsawa a wurinmu, don mu nan ƙasar Adar da Gobir Tudu ba mu san jirgin ƙasa ba sai a labari. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso tun daga 2014, an yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016, amma bai zama hanyar da matafiyi ke bi ba. Na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, shi ne muke ta sa ido a kai. Dattawan da suka taɓa hawa jirgi a Ƙauran Namoda, ko tsakanin Wagadugu da Abijan zamanin da suke zuwa cin rani, abin da suka sani shi ne jirgi mai tafiyar hawainiya, mai tsayawa kowace tasha, ka shiga da buhunka da tabarmarka har da kajinka. To na Saudiyya ba irin wannan ba ne ko kaɗan, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Sunansa jirgin Haramaini. Sarki Salman ya ƙaddamar da shi a watan Satumban 2018, ya fara ɗaukar fasinja ranar 11 ga Oktoba na wannan shekara. Tsawon layin wajen kilomita 450 ne, wato ya kusa kai nisan Madawa zuwa Yamai. Da lantarki yake aiki, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma yakan cinye tafiyar cikin awa biyu da minti ashirin ko kusa da haka. Ku kwatanta da kanku: mutum ya bar Madawa bayan sallar asuba, kafin hantsi ya ɗaga yana Yamai. Tashoshinsa biyar ne kacal: Makka, cikin garin Jidda, filin jirgin saman Jidda, wani sabon birni kusa da Rabig da aka sa wa sunan Sarki Abdullah, sai Madina. Kamfanin Talgo na ƙasar Sifen ne ya ƙera jiragen, kowane ɗaya da kujeru 417. Ba a tsayuwa a ciki, ba a cusa mutum a kan mutum. Kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, da ranar tafiya, da awar tashi, da lambar kujera.

Sau nawa ma za a hau shi?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi mantawa. 'Yan uwanmu na Turai sun saba da tikitin wata. A Jamus, alal misali, tun watan Mayun 2023 akwai tikiti guda da aka fara sayarwa kan yuro 49, mutum ya yi wata cur yana hawa bas da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina cikin ƙasar. Irin wannan yana da riba ga mai fita aiki kullum. Mai Umra kuwa ba yawo ya je ba. Manyan tafiye-tafiyensa ba su wuce uku ba: daga filin jirgi zuwa masauki, daga ɗaya birnin zuwa ɗayan, sai komawa filin jirgi ranar dawowa gida. In jirginsa ya sauka a Madina kuma zai tashi daga Jidda, to doguwar tafiya ɗaya tak gare shi. Saboda haka in an ce maka "akwai jirgin ƙasa a cikin tsarin", tambayi wace tafiya da wace tafiya ake nufi. Kada ka biya kuɗin uku a kai tsohonka ɗaya.

A cikin ukun nan ma, ta Jidda zuwa Makka ba mu ga abin wahalar da kai a kanta ba. Tafiya ce gajera, mota na yin ta cikin awa ɗaya da wani abu. Tashar jirgin ƙasan tana haɗe ne da sabon ginin filin jirgin saman, alhali jiragen alhazai da dama a wani sashe daban suke sauka, mai nisa da wurin. Mutumin da ya kwana a sama, ga gajiya ga kaya niƙi-niƙi, motar da za ta ajiye shi ƙofar masauki ta fi masa. Inda zancen jirgi yake da ma'ana shi ne tsakanin Makka da Madina.

A nan ma a yi lissafi na gaskiya. Za ka ji ana cewa awa biyu a jirgi, awa shida a mota, kamar an ci ribar awa huɗu. Ba haka abin yake ba. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci daga Harami. Ta Madina ta fi ta nisa da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana can gabashin gari. Ke nan sai ka nemi taksi daga masauki zuwa tasha, ka isa da wuri don binciken kaya da neman ƙofa, in ka sauka kuma ka sake neman wata taksin. In ka haɗa duka, daga ƙofar wannan masauki zuwa ƙofar wancan, wajen awa huɗu ka ci. Motar ayari tana cin biyar zuwa shida, wani lokaci fiye in an yi jiran wanda ya makara, amma daga ƙofa take ɗauka, a ƙofa take saukewa. Ribar ta gaskiya awa ɗaya ce ko biyu, da kuma hutun jiki.

Nawa ake biyan wannan hutun? Lokacin da aka buɗe layin, farashin da aka sanar na Makka zuwa Madina riyal 150 ne a kujerar kowa da kowa, 250 a ta manya. Riyal ɗaya yakan kama dala talatin zuwa talatin da uku, wato sefa 150 zuwa 165, gwargwadon yadda dalar Amurka ta kwana. Ke nan ƙaramar kujera ta kama jikka 23 zuwa 25, babbar kuma wajen jikka 40. Tun daga wancan lokaci farashin ya ɗaga, kuma yana motsi da rana da yawan jama'a, don haka a duba na ranar kafin a yanke shawara. Sai a ɗora kuɗin taksi biyu a kai. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba kuwa shi ne, kuɗin motar ayari yana cikin abin da ka riga ka biya ajans. In ka hau jirgi, kujerarka ta mota za ta tafi babu kowa, kuma da wuya a maido maka da ko dala. Tafiya ɗaya ce ka biya sau biyu.

Ga iyalin da suka kai mutum huɗu ko biyar, akwai wani lissafin. Tikitin jirgi a kan kowane kai ake biya, shatar ƙaramar mota kuwa a kan motar ake ciniki. Kafin ku sayi tikiti biyar, ku tambayi nawa ne shata daga masauki zuwa masauki, ku kwatanta.

Sai maganar kaya, kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mu mutanen nan ba mu iya tafiya da hannu biyu ba. Hajiya za ta tashi daga Tamaske ko Karofan da garin kunu, da kilishi, da yaji, da kuka, da 'yar tukunyarta. A dawowa ga dabino, ga dardumai, ga carbi, ga jallabiyoyin jikoki, ga tsarabar maƙwabta da ba a isa a ƙi kawowa ba. Ƙa'idar jirgin Haramaini ita ce akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, mai matsakaicin girma, da 'yar jakar hannu. Babu ɗan kamasho da za ka lallaɓa ya ɗora maka buhu a saman mota. Wasu ajans suna aika kayan ayari a babbar mota, mutane su bi jirgi da 'yar jaka. Wannan tsari ne mai kyau, amma a tambaya tun a gida: wa zai ɗauki kayan, yaushe za su iso? In magungunan tsoho na cikin babban akwati, akwatin kuma bai iso ba sai washegari, an shiga uku.

Miƙati: inda kuskure ke da tsada

Wannan shi ne abin da muka fi so a saurara da kyau, domin ya wuce maganar kuɗi, ya shafi ibadar da aka je dominta.

Wanda ya taso daga Madina zai shiga Makka da niyyar Umra ko Hajji, miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wurin da alhazai suka fi sani da Abyar Ali ko Bi'ir Ali, a bakin garin Madina. Motar ayari tana tsayawa a can. A sauka, wanda bai yi wanka a masauki ba ya yi, a ɗaura harami, a yi nafila raka'a biyu, malamin ayari ya ja niyya kowa ya bi, a kama Labbaika gaba ɗaya. Ko wanda bai taɓa karanta Ishmawi ba, in ya bi sahu, zai yi daidai.

Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a miƙati. Wucewa yake yi, kuma jim kaɗan bayan ya bar tashar Madina. Ana sanarwa a cikin jirgin, amma ba da Hausa ba, ba kuma da Faransanci ba. Mutumin da ya shiga da rigarsa da hularsa yana cewa in an kai wurin zai canza, kafin ya gama kwance jaka an wuce. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya ƙetare miƙati bai yi harama ba, sannan ya yi ta a gaba, hadaya ta hau kansa, wato yanka. Kuɗin dabbar kuwa ya ninka kuɗin tikitin. An je neman sauƙi an dawo da bashi.

Masu bin jirgi hanya biyu suke bi. Wasu sukan yi wanka su ɗaura harami tun daga masauki, su shiga jirgi a shirye, da ya tashi su ƙulla niyya daidai miƙati. Wasu kuma sukan ɗauki taksi su je Abyar Ali tukuna, su yi komai a natse a masallacin wurin, sannan su wuce tasha da haraminsu. Ta biyun ta fi kwantar da hankali, sai dai ta ƙara kuɗin taksi da kusan awa guda, ribar lokacin nan da ake ta magana ta sake raguwa ke nan. Mu ba malamai ba ne, kowa ya zauna da malaminsa kafin ya bar gida ya ji wadda ta dace da shi. Abin da muke cewa kawai, kada a sa tsoho a jirgi ba a yi masa wannan bayani dalla-dalla ba. Wanda tafiyarsa daga Makka ce zuwa Madina, shi babu ruwansa da wannan matsala, ziyara zai je, babu harami. Don haka in sau ɗaya za a hau jirgin, kuma akwai zaɓi, ta wannan fuskar ta fi sauƙi.

To wa ya kamata a biya wa?

A ganinmu, akwai mutanen da kuɗin nan ba asara ba ne a kansu ko kaɗan. Dattijo mai ciwon gwiwa ko ciwon baya, wanda zaman awa shida a kujerar mota zai kwantar da shi kwana biyu. Mai ciwon sukari ko matsalar fitsari da ke bukatar ban ɗaki a kai a kai, domin a jirgin akwai ban ɗaki, ba sai an roƙi direba ya tsaya ba. Mai keken guragu, don an tanadi wurinsu. Mace mai juna biyu. Irin waɗannan, in sun isa Makka da sauran ƙarfi a jikinsu, za su yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarsu maimakon a biya mai tura keke. Sai dai a riƙe mayafi mai kauri, sanyin na'urar cikin jirgin ba wasa ba ne ga wanda ya saba da zafin Buza.

Akwai kuma maganar hatsarin hanya, wadda ba ma son tsoratar da kowa da ita amma ba za mu ɓoye ba. Titin Makka zuwa Madina mai kyau ne, ya fi duk wanda muka sani a nan faɗi, amma dogo ne kuma ana yawan bin sa da dare. A watan Oktoban 2019 wata motar masu ibada ta yi karo da wata babbar motar aiki a yankin Madina, mutum 35 suka rasu. Rai a hannun Allah yake, amma wanda ya ce hankalinsa ya fi kwanciya da jirgi, ba mu ga laifinsa ba.

Duk wannan da sharaɗi guda: a samu mai rakiya. Nan ne 'ya'ya masu kyakkyawar niyya suke yin kuskure. Yaro yana Faransa ko Gabon, yana son ya nuna wa mahaifiyarsa gata, sai ya saya mata tikitin kujerar manya ita kaɗai, sauran ayari suna mota. Ka yi tunanin Inna, wadda iyakarta kasuwar Madawa ko asibitin Galmi, a tsakiyar tasha mai hawa-hawa da matakala mai tafiya da kanta, allunan duk Larabci da Ingilishi, wayarta babu layin Saudiyya. Ko ta isa Makka lafiya, wa zai gaya wa mai taksi sunan masauki? Ayarin da ta sani suna can baya da awa uku. Wallahi gara ta sha zaman mota tare da matan garinsu, suna hira suna zikiri, da ta yi awa biyu cikin daula da fargaba. In za a biya, a biya wa mutum biyu, ita da wanda ya san hanya kuma ya iya karanta allo. In kuɗin mutum biyu bai samu ba, a bar maganar. Haka kuma lafiyayyen magidanci ko matashi da ajans ta riga ta tanadar wa mota, mu dai ba mu ga dalilin ƙarin ba, sai in sha'awar ganin jirgin ce, ita kuma sha'awa ba a yi mata lissafi. Jikka ashirin da biyar ɗin nan ta isa abincin kwanaki a can.

Ga wanda ya yanke shawarar saye, ana sayen tikitin ta intanet a shafin jirgin ko manhajarsa ta waya, ana kuma samu a tasha. Ɗan da ke waje mai katin banki zai iya saye daga inda yake, ya turo hoton tikitin ta WhatsApp. Lambar fasfo ake bukata, kuma a rubuta suna daidai yadda yake a fasfo, ba sunan da ake kiran mutum da shi a gida ba. A buga shi a takarda tun a nan, kada a dogara da waya, caji na iya ƙarewa. A azumi, musamman goman ƙarshe, kujeru suna ƙarewa da wuri, amma kuma kada a yi gaggawar saye kafin ajans ta tabbatar da ranar barin masauki, don canza rana yakan jawo a cire wani abu daga kuɗin. Jirgin ba ya jiran kowa. Ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata Alhaji na alwala. Ana rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi, wanda ya makara tikitinsa ya tafi. Duk wanda ya tare ka a bakin masauki ya ce yana da tikiti mai rahusa, ko da Hausa ya yi maka magana, ka tuna tikitin da ba sunanka a kai ba naka ba ne. In kuwa ta hannun ajans ne, a rubuta a takardar biya cewa akwai jirgin ƙasa, daga ina zuwa ina. Maganar baki ba ta da amfani in an isa can.

Kada a haɗa shi da jirgin Mina da Arfa

Akwai jirgi na biyu da ake yawan rikita shi da wannan. Shi ne jirgin Masha'ir, wanda ya fara aiki a Hajjin 2010. Gajere ne, kilomita 18, tashoshi tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Kwanakin aikin Hajji kawai yake aiki, sauran shekara yana ajiye, don haka mai Umra babu abin da ya haɗa shi da shi. In an ce maka kuɗin Umrarka ya haɗa da jirgin Arfa, to ka sake tambaya.

Shi wannan tikitinsa na kwanaki ne, ana hawa da shi har a gama jifa, amma ba abu ne da alhaji zai je taga ya saya don kansa ba. Ana tsara shi ne ayari-ayari, gwargwadon inda tantinku yake da yarjejeniyar da masu kula da ku suka yi da hukumomin Saudiyya. Alhazan da tantinsu ke nesa da layin da motoci ake jigilarsu. Maniyyacin da ke son sanin matsayinsa ya tambayi ajans ɗinsa ko hukumar COHO mai kula da Hajji da Umra tun kafin tashi. Ko an samu ma, ba hutu ne zalla ba: akwai tafiyar ƙafa daga tanti zuwa tasha, akwai jira cikin cunkoso, kuma kowane ayari da lokacin da aka ba shi. Wanda ya shiga Hajji ba da izini ba kuwa, ba jirgi ba mota ba tanti. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, sun yi ta doguwar tafiya a rana babu inuwa.

Masu tambaya kan miƙati da hukuncin harama a cikin jirgi, ku aiko da saƙon murya, ku faɗi garinku da ranar tashinku. Za mu miƙa wa malamai su amsa a shirinmu na ranar Juma'a bayan sallar la'asar.